Kawu ya ce in rage shekaru don in samu aikin banki

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana. Ni saurayi ne ɗan shekara 28 a Kano, na karanta akanta a wata jami'ar gwamnatin tarayya na fito da darajar digiri ta 2:2, makina 3.42, kiris ya rage in taɓa 2:1 da ke sama da ita. Bara na gama bautar ƙasa. Tun ina sakandare ba ni da buri irin aikin banki, amma duk tallar ɗaukar sabbin ma'aikata da na buɗe maganar ɗaya ce, kar ka wuce shekara 26 wasu 27, wasu kuma sai mai 2:1, wani shafin ma ina saka ranar haihuwata yake cewa ban cancanta ba. Akwai bankin da na ci jarrabawarsu ta kwamfuta na ranci kuɗin mota na je Abuja tantance takardu, matar tana duba takardar haihuwata ta miƙo min kayana ko zama ban yi ba. Anti ni ban taɓa maimaita aji ba, neman gurbin jami'a ne ya zaunar da ni shekara biyu, yajin aiki da korona suka cinye sauran. Yanzu ina zama a shagon kawuna a Kantin Kwari ina rubuta masa lissafi yana ba ni na kashewa. Shi kawun ya ce in je kotu in yi takardar rantsuwa in rage shekara uku, wai kowa haka yake yi, har ya san wanda zai gyara min NIN. Babanmu ba ya faɗa amma kullum na dawo sai ya ce "ba su kira ba?" Yarinyar da nake nema kuma gidansu sun ce in fito kafin babbar sallah ko in ba wani wuri. Wallahi ko majalisa na daina zuwa. In rage shekarun ne ko in haƙura da bankin?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya yaye maka wannan damuwar. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne tafiyar nan ta Abuja, mutum ya ci jarrabawa da kansa ya ranci kuɗin mota ya kwana yana guge kaya, a ƙarshe a sallame shi a tsaye saboda ranar da aka haife shi, wannan abu ne mai ciwo kuma kana da gaskiya ka ji haushi. Ka lissafa da kanka ma, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta tafi yajin aiki daga Nuwamba 2018 zuwa Fabrairu 2019, ta sake tafiya daga Maris zuwa Disamba 2020 a haɗe da kullen korona, sannan ga na 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata uku da tara da takwas kenan, wata 20 cur kana zaune a gida ba da son ranka ba, ban da jiran sakamako da jiran a tura sunanka hukumar bautar ƙasa NYSC. Yaron da iyayensa suka iya biyan jami'a mai zaman kanta yana gamawa yana 20 ko 21, kai da aka haife ku shekara ɗaya da shi kana can kana jiran a sasanta da gwamnati. To in aka ce 26 ga kowa, a takarda ne kawai ya zama daidai, a zahiri ɗan talaka mai jami'ar gwamnati aka tsame. Ni dai ban taɓa yarda cewa wannan ƙa'idar adalci ce ba.

Amma bari in faɗa maka yadda su bankunan suke kallon abin, ba don in wanke su ba, don ka daina ɗaukarsa kamar kai ne aka raina. Tun garambawul ɗin da Soludo, gwamnan babban bankin Najeriya CBN na lokacin, ya yi a 2004 zuwa 2005 da ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna suka dawo 25 daga 89, kuma har yau bankunan kasuwanci ashirin da ɗoriya ne kawai a ƙasar nan, alhali duk shekara dubban ɗaruruwan matasa ke gama bautar ƙasa. Banki ya saka talla yana neman mutum kaɗan sai takardu su yi masa ambaliya, babu ma'aikacin da zai zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, sai a saita kwamfuta da shekaru da darajar digiri da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, duk wanda bai faɗa ciki ba ta zubar da shi tun kafin idon ɗan adam ya kai kansa, shi ya sa kake ganin shafin yana rufe maka da ka saka ranar haihuwa. Sannan suna kashe kuɗi su kai sabbin ɗauka makarantar horo na wasu watanni, suna son yaro ɗanye da zai jure zaman banki har dare, ba mata ba 'ya'ya, wanda za a juya shi yadda ake so a tura shi duk reshen da aka ga dama. Ita matar da ta miƙo maka takardunka ma ƙa'ida aka ba ta, da ta wuce da kai ita za a tuhuma.

Ka san kuma doka ba ta hana su ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. A Yulin 2023 majalisar dattawa ta yi magana a kai bayan ƙudurin da Sanata Abba Moro ya kawo, ta nemi a sassauta sharaɗin shekaru wajen ɗaukar aiki, sai dai matsayar majalisa shawara ce ba doka ba, tallace-tallacen da kake buɗewa ma sun ishe ka shaida. Abin dariya abin takaici, ita NYSC tana karɓar mutum ya yi bautar ƙasa matuƙar bai wuce 30 ba lokacin da ya gama karatu, wato gwamnati ta yarda ɗan 29 sabon kammalawa ne, banki ya ce ya tsufa. Saboda haka kar ka zauna jiran a gyara, ba a kanka za a gyara ba.

To mu zo kan maganar kawu, don ita ce ainihin tambayarka. Amsata a'a ce ƙanena, kar ka rage ko wata ɗaya. Kawunka ba mugu ba ne, so ne ya sa shi faɗa, kuma a zamaninsu gaskiya ne abin yana tafiya, mutum ya je kotu ya biya 'yan kuɗi a buga masa takarda shikenan babu inda za a duba a ƙaryata shi. Wancan zamanin ya wuce. Kai ranar haihuwarka tana zaune a takardar WAEC ko NECO ɗinka, tana JAMB, tana fayil ɗinka na jami'a, tana wajen NYSC, tana BVN da aka fara tun 2014 wanda yake haɗe da yatsunka da hotonka, tana NIN da layin wayarka yake maƙale da ita. In mutumin kawu ya gyara maka guda ɗaya saura biyar suna nan suna ba da shaida a kanka, kuma wurin da kake neman shiga shi ne ya fi kowa iya duba BVN, su ne ma masu shi. Sannan ka yi lissafin, in kana 18 ka gama sakandare, rage uku yana nufin ka gama kana 15 kenan, to sai takardar firamare ita ma ta motsa, kaga inda ake cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma bankuna ba a ranar intabiyu kawai suke tantancewa ba, bayan an ɗauke ka ma suna aikawa jami'a da NYSC da hukumar jarrabawa a tabbatar, wani lokacin sai mutum ya yi watanni yana aiki ya saba da albashi ya yi aure sakamakon ya dawo. Wanda aka kora daga banki saboda takardar bogi ko rashin gaskiya ba aikin kaɗai ya rasa ba, CBN tana ajiye sunayen irin waɗannan kuma bankuna suna dubawa kafin su tabbatar da sabon ma'aikaci, wato ka rufe wa kanka harkar gaba ɗaya kana ɗan shekara 30. Ban da cewa rantsuwar ƙarya a gaban kotu laifi ne a doka, kuma kai musulmi ne ka san nauyinta ba sai na ja maka aya ba, albashin da za ka ciyar da iyali da shi shekara da shekaru ace tushensa rantsuwa ce a kan abin da kai da mahaifiyarka kuka san ba haka ba ne. Ga wani abu ma da kawu bai duba ba, ko ka koma 25 ɗin 2:2 ɗinka tana nan, bankunan da suka ce sai 2:1 ba za su buɗe maka ba, kaga ka ɗauki kasada mai girma don rabin ƙofa.

Yanzu abin da nake so ka riƙe. Sharaɗin 26 da 27 ɗin nan na ƙofa ɗaya ne, ƙofar sabbin kammalawa da ake kaiwa horo, kuma ita ce kowa ya sani shi ya sa cunkoson yake can. Akwai ɗaukar masu gogewa, wadda tallarta take cewa shekara biyu ko uku na aiki a fannin kaza, a nan ba a cika matsa wa shekarun haihuwa ba kuma darajar digiri tana rage nauyi, abin da ake tambaya shi ne me ka iya, wa ka sani a kasuwa, kwastoma nawa za ka iya kawowa. Aikinka daga yau shi ne ka tara wa kanka shekara biyun nan a takarda, ka daina ƙona data da zuciyarka a kan tallar da ka san ba za ta wuce da kai ba.

Hanyoyin tara su ba ɗaya ba ne kuma kowacce da ɗacinta. Mafi kusa ita ce aikin kwantiragi, domin da yawa daga cikin waɗanda kake gani a kan kanta suna ƙirga kuɗi ko suna yawon buɗe wa mutane asusu ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye, wani kamfani ne ya ɗauke su ya tura su can, albashinsu bai kai na cikakken ma'aikaci ba, ana ɗora musu tagat mai nauyi, kuma babu wanda zai yi maka alkawarin za a mayar da kai cikakke, akwai masu shekara bakwai suna jira. Wasu daga cikin kamfanonin ma suna da nasu sharaɗin shekarun. In ka samu ka karɓa, amma ka shiga da wa'adi a ranka, shekara biyu ka koyi aikin ka san mutane ka fara nema a wani wurin, kar ka miƙe ƙafa. Ni a ganina ma ƙananan bankunan nan na maikrofainans sun fi koyar da mutum, domin jami'in bashi a can shi yake zuwa shago ya duba kaya ya lissafa ribar ɗan kasuwa ya yanke ko zai iya biya, ya kuma bi bashin in ya maƙale, wannan ita ce zuciyar aikin banki kuma ɗan horon babban banki sai ya daɗe bai taɓa ta ba. Ga kuma irin su Moniepoint da OPay da PalmPay da suka cika kasuwanninmu da POS, suna buƙatar mutanen da za su kula da 'yan kasuwa da ejan-ejan, kuma sun fi damuwa da abin da ka kawo a kan ranar haihuwarka. Ka leƙa bankunan da ba sa harkar ruwa su ma, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, suna da rassa a arewa kuma in akwai ɗan ƙaiƙayin riba a zuciyarka ko ta Baba to an huta, sai dai kar ka ɗauka don suna na Musulunci ba su da nasu sharuɗɗan, ka karanta tallarsu da kyau kamar ta kowa.

Sai maganar 2:2. Digirin ya riga ya fita ba zai canza ba, abin da ake yi shi ne a ɗora masa wani abu a kai da zai sa a daina kallonsa. Tunda akanta ka karanta jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, ce hanyarka, kuma masu digirin akanta daga jami'ar da suka amince da ita ana yafe musu wasu darussan matakin farko, ka je ofishinsu ko shafinsu ka tambayi me za a yafe maka kafin ka biya komai. Akwai kuɗi a ciki kuma jarrabawar ba wasa ba ce, amma ana yinta mataki-mataki kana aikinka, ko rabi ka ci ka rubuta a CV ya canza yadda ake kallonka. In bankin ne dai kai tsaye akwai jarrabawar CIBN ta ma'aikatan banki, har da wadda suka ware don harkar maikrofainans, akwai kuma ANAN, wata ƙungiyar akantocin, mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Ɗaya za ka zaɓa ka bi, kar ka tara fom uku ka kasa gama ko ɗaya. Digiri na biyu kuwa ban ba ka shawarar ka ruga yanzu ba, zai ƙara maka shekaru ba tare da ya ƙara maka gogewa ba, ya jira sai ka samu abin yi.

Shagon kawu da ka ambata kamar kana jin kunyarsa, zauna mu yi maganarsa. Manajan reshe duk wata ana tambayarsa ajiyar kuɗi nawa ya kawo, kuma kuɗin Kano suna Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, a hannun alhazan da ba sa sakin jiki da yaro mai taye da ya zo yana musu Turanci, amma za su saurari ɗan gidan wane da suke gani kullum a layinsu. Kai kana zaune a tsakiyarsu, ka san wa ke sauke kwantena, wa ke ba da kaya bashi zuwa Nijar da Chadi, wane wata kasuwa take buɗewa wane wata take mutuwa. Matsalar kawai ita ce duk wannan ba ya rubuce a ko'ina. To ka mayar da shi aiki na gaskiya, ka ɗauke lissafin daga littafi ka mayar kwamfuta ka koyi Excel sosai a kansa, kaya nawa suka shigo nawa suka fita, wa ake bi wa ke bi, ka riƙa fitar wa kawu rahoton wata, in shagon ba shi da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka yi masa, ka karɓi lissafin wasu shaguna biyu ko uku a layin ko da kuɗi kaɗan ne. Sannan ka roƙi kawu ya ba ka takardar ɗaukar aiki a matsayin akantan shagon da ranar da ka fara ta gaskiya, ya riƙa turo maka na kashewar ta asusu duk wata maimakon ya miƙo maka a hannu, don ya zama akwai shaida. Kaga ka ba shi hanyar taimakonka da ba sai an je kotu ba, kuma da haka za ka ƙi shawararsa ba tare da ka ce masa ya yi kuskure ba, ka ce Kawu na bincika an ce yanzu BVN yana tona asiri, amma ga abin da in ka yi min zai fi amfani. Ma'aikatan bankin da suke zagayowa kasuwa neman kwastoma kuwa ka daina kawar da kai in sun shigo don haushi, ka ba su kujera ka san sunansu, ka haɗa su da mutum ɗaya ko biyu, su ne za su fara jin labari in reshensu yana neman mutum tun kafin a buga talla.

Baba kuma, "ba su kira ba?" ɗin nan da yake yi ba tuhuma ba ce, bai san yadda abin yake ba ne, shi a saninsa wanda ya yi digiri ya yi bautar ƙasa kira ne ya rage. Kana barinsa a duhu kana shigowa da fuska a ɗaure shi ma yana kwana da abin. Ka same shi bayan isha'i ka buɗe masa tallar a waya ka nuna masa layin shekarun, ka faɗa masa har da shawarar rage shekarun da dalilin da ya sa ba za ka yi ba, sannan ka shimfiɗa masa abin da ka tsara na shekara biyu. Dattijo in ya ga ɗansa da tsari hankalinsa yana kwanciya ko kuɗi bai shigo ba tukuna, kuma addu'arsa za ta samu inda ta dosa.

Ita yarinyar da gidansu su ma ba su yi laifi ba, uba ba zai ajiye 'yarsa a kan "in an kira ni" ba. Amma ka lura, cewa suka yi ka fito, ba su ce sai ka zama ma'aikacin banki ba, kai ne ka ɗaure auren a jikin bankin. Ka zauna ka lissafa abin da yake shigo maka a wata tsakani da Allah da abin da zai iya zama nan da wata shida in ka karɓi lissafin wasu shagunan, in zai riƙe ɗaki da abinci to ka tura manya su je su yi magana a saka rana mai ɗan nisa, in ba zai riƙe ba ka faɗa mata gaskiya da bakinka ka bar ta ta zaɓa, kar ka riƙe ta da labarin intabiyun da babu shi. Zai yi zafi in ta tafi, na sani, amma ya fi a ce ka je ka yi rantsuwar ƙarya don ka cika wa'adin babbar sallah.

Abu biyu kafin in bar ka. Mutumin da ya matsu irinka shi 'yan damfara suke nema, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da gurbi a banki ko a wata hukumar gwamnati, ko aka turo maka saƙo a WhatsApp wai ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, ka rabu da shi, banki ba ya sayar da fom ɗin neman aiki, ka riƙa nema ta shafin bankin kansa ko LinkedIn ko Jobberman, in talla ta ce 27 kuma kar ka sake rantar kuɗin mota da fatan za su kawar da kai. Na biyu ka koma majalisarku. Rabin waɗanda kake gudu suna cikin irin halinka, sauran kuma a bakinsu ake jin inda ake neman akanta, kamfanonin Sharaɗa da Bompai da makarantu da asibitoci masu zaman kansu duk suna ɗaukar mai lissafi kuma duk gogewa ce da banki zai karɓa gobe. Satin nan ka fara da takardar kawu da tambayar ICAN, in ka yi magana da Baba ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi. Allah ya buɗa maka, ya sa albarka a abin da za ka samu.